Yadda ake ɗaura kamfas a katamaran na tsere da yadda ake aiki da shi

Katamaran na tsere, irin su Hobie 16 da Formula 18 da Nacra 17 da ya shiga gasar Olamfik a Riyo a 2016, kwale-kwale ne guda biyu sirara da aka haɗe da sandunan gicciye biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, aka ɗaure raga a tsakaninsu domin zama. Babu inji, iska ce ke tura filafilin da ke rataye a jigo. A irin wannan jirgi ba don gudun ɓata ake ɗaura kamfas ba, tunda yawanci gaɓa na kusa, alamun tsere kuma, wato tulunan da ke iyo a ruwa da ake zagayawa, ana hango su. Aikinsa shi ne ya gaya maka abin da ido ba ya kamawa a buɗaɗɗen ruwa: iska ta karkata, zuwa wane ɓangare, kuma da digiri nawa. Kafin ya iya wannan aiki, sai ya zauna a wurin da ba ya motsi, kuma wurin da za ka iya karanta shi kana rataye a wayar lilo, wato wayar da ke saukowa daga jigo da ake maƙalewa a jikinta don danne jirgi, jikinka duka a wajen jirgi.

Tun kafin ka sayi komai, ka karanta dokar ajin jirginka, wato rukunin jirage iri ɗaya da yake tsere a cikinsa. Ajujuwa da yawa sun yarda da kamfas na lantarki muddin alƙibla da agogon ƙidaya kawai yake nunawa, amma sun hana na'urar da ke ɗauko bayani daga tauraron ɗan'adam. Dokar takan canza daga bugu zuwa bugu, don haka sabuwar za ka nema.

Wane iri za ka saya

Iri biyu ne. Akwai na maganaɗisu, mai faifan lambobi da ke iyo cikin ruwan mai a ƙarƙashin ƙoƙon gilashi, irin na Silva da Plastimo da Ritchie. Ba ya son batir, ba ya mutuwa a tsakiyar tsere. Aibinsa a katamaran shi ne faifan yakan yi ta rawa idan jirgi na sarar igiyar ruwa da gudu, lambobinsa kuma ƙanana ne ga wanda ke kallo daga nisan mita biyu ko fiye. Akwai kuma na lantarki, irin Micro Compass na Raymarine mai caji da hasken rana da fuska biyu, ɗaya na kallon dama ɗaya hagu, ko na Velocitek. A ganina na lantarki ya fi dacewa da wannan jirgi, saboda girman lambobi kaɗai ma.

In na maganaɗisu ka zaɓa, ka tambayi yankin da aka daidaita shi domin sa. Maganaɗisun duniya ba a kwance kawai yake ja ba, yana ja ƙasa ma, kuma ɓangaren faifan da yake rinjaya a arewacin duniya ba shi yake rinjaya a kudanci ba. Faifan da aka yi wa ma'auni don Turai zai iya jirkicewa ya riƙa gogar jikin ƙoƙo a Ostareliya. In kuwa na lantarki ne, ka gwada karanta shi da tabarau ɗin da kake tsere da shi, kana karkata kai, domin wasu tabarau masu tace ƙyallin ruwa sukan mai da fuskar na'ura baƙa ƙirin daga wani gefe.

Inda zai zauna

Nan ne gizo ke saƙa. A ƙananan jiragen tsere masu ciki ɗaya, jikin jigo ake manna kamfas, a ƙasa da sandar gindin filafili, kowa na ganinsa. Wanda ya zo katamaran da wannan sabo zai sha mamaki, domin jigon katamaran juyawa yake yi a kan dundurinsa. Da gangan aka yi shi haka don iska ta bi bayan filafili sumul. In ana haurawa wajen iska, wanda zikzak ake yi tunda jirgi ba ya shiga iska kai tsaye, yakan juya digiri masu yawa, in an juyo ana gangarowa a ƙara sake shi, kowane juyi kuma ya koma ɗaya gefen. Kamfas da ke jikinsa alƙiblar jigo zai nuna maka, ba ta jirgi ba. Ko ka ce za ka riƙa cire bambancin a ka, da zarar abokin tuƙinka ya taɓa igiyar juya jigo lissafin ya rushe.

Sandar gindin filafili ma haka take, tana shawagi. Ragar zama tana lotsawa duk lokacin da aka taka ta. Gicciyen baya ba ya motsi, amma can ne keken igiyar babban filafili ke kai da komo, ga sandar da ta haɗa allunan tuƙi biyu, sannan sai ka waiwaya kafin ka karanta, abin da matuƙi mai gudu bai kamata ya yi ba.

Wurare uku suka rage. Na farko gicciyen gaba, kusa da gindin jigo. Ya fi ko'ina ƙarfi, yana kuma daidai inda idonka ke kallo. Matsalarsa cunkoso: hannun juya jigo, igiyoyin ƙaramin filafilin gaba, a wasu jiragen har da layin dogon da wannan filafili ke zamewa a kai. Na biyu sandar sifinaka (sifinaka shi ne faffaɗan filafilin da ake bazawa in ana gangarowa), wato doguwar sandar da ta miƙe gaba daga tsakiyar gicciye, ga jirgin da ke da ita. Tana kan tsakiyar jirgi cif, ana ganinta daga kowane gefe. Ka ɗaura shi a gindinta, kusa da gicciye, inda ba ta lanƙwasa, ka kuma tabbata igiyoyin da suka riƙe ta a ɗaure suke tamau, in ba haka ba za ta riƙa kaɗawa dama da hagu tare da kamfas ɗin. Na uku shi ne kamfas biyu, ɗaya a bayan kowane kwale-kwale, gaban inda kuke tsayawa. Wannan ya fi sauƙin karatu ga masu na maganaɗisu, amma kuɗi biyu ne, aikin daidaitawa ma biyu.

Kada ka yanke shawara a tsaye a bakin gaɓa. Ka kafa jigo, ka ja filafilai, ka manna kamfas ɗin na wucin gadi da tef. Wani ya danne ɗaya kwale-kwalen, kai kuma ka sa ɗamararka ka rataya a wayar lilo a daidai inda kake tsayawa in iska ta yi ƙarfi, abokin tuƙinka ya tsaya gabanka kamar yadda yake yi a ruwa. Sau da yawa za ka tarar cinyarsa ce ke tare lambobin. In haka ne, ko a matsar da na'urar, ko a bar masa aikin karantawa. Ku sake gwadawa a ɗaya gefen. Sannan ku ja kowace igiya daga wannan ɓangare zuwa wancan, ku fitar da sifinaka ku mai da shi jakarsa, ku juya jigo har ƙarshensa. Duk igiyar da za ta iya sarƙewa a kamfas, to za ta sarƙe, kuma a lokacin zagaya alama za ta yi.

Abin da ke ruɗa shi

Alminiyam ba ya jan maganaɗisu, zaren kabon da fayiba ma haka, don haka jikin jirgin kansa ba shi da laifi. Ƙarfe mara tsatsa ne ke da wayo: yawancinsa ba ya ja, amma wani yana ja kaɗan, musamman wanda aka lanƙwasa ko aka murza wajen ƙira. Ka ɗauki ɗan maganaɗisu ka bi duk noti da ƙugiya da ke kusa da wurin, har da sandar ƙarfen da ke tokare ƙarƙashin gicciyen gaba. Wanda ya kama, a sauya shi ko a nisanta. Ka ajiye maganaɗisun nesa kafin ka kawo kamfas wurin.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne kayan da ke shigowa jirgi daga baya. Jakar da ke ɗinke a gaban raga, a ƙarƙashin hancin kamfas, ita ce ake cusa wa wuƙa da filaya da wayar hannu da rediyon kiran agaji, lasifikar rediyo kuwa maganaɗisu ce a cikinta. Gwajin ba wuya. Ka riƙe kowane abu ka kawo shi a hankali kana kallon lamba; inda ta fara motsi, nan ne iyakarsa. Rediyo da waya ka ba su kamar mita guda.

Ɗaurawa

Da farko ka fitar da tsakiyar jirgi. Ka auna gicciyen gaba daga kwale-kwale zuwa kwale-kwale ka sa alama a rabi, ka yi haka a na baya, ka ja kirtani tsakanin alamun biyu ka zarce da shi gaba. Layin gaban kamfas, wanda ake karanta lamba a kansa, dole ya bi wannan kirtani, ko ya yi daidai da shi in a gefe ka ɗaura. Kada ka amince da ido. Ka auna tazarar kirtani da gefen mazaunin a gaba da baya, su zo ɗaya. Ka kuma sa jirgin a kwance kamar yadda yake zama a ruwa, ka ga na'urar ba ta duƙa gaba ko baya ba, domin in kwale-kwale ɗaya ya tashi sama a ruwa za ta ƙara karkata, ba a so ta fara da karkata tun daga tudu.

Ban ba ka shawarar huda gicciye ba. Shi ke ɗauke da nauyin jigo da murɗawar kwale-kwale biyu, tsagewa kuma daga bakin rami take farawa. Ƙari a kan haka, notin ƙarfe mara tsatsa a cikin alminiyam, in ruwan gishiri ya shiga tsakani, alminiyam ɗin ne ke cinyewa ya zama farin gari. In babu makawa sai an huda, ramin ya zama ƙarami, nesa da tsakiya da kuma wurin da gicciye ya haɗu da kwale-kwale, a shafa man raba ƙarfe irin Duralac ko Tef-Gel. Abin da ya fi shi ne mazauni na roba ko na kabon da aka yanka ya hau bayan sandar daidai, a sa siririyar roba a ƙarƙashi don kada ya zame, a ɗaure da ɗamara biyu ko igiyoyin roba masu haƙora. Na'urar kanta a manna ta a mazaunin da maƙala mai ƙarfi irin Dual Lock, yadda za a iya cire ta bayan tsere. Ka wanke wurin da sabulu, ka goge da sifirit, ya bushe sarai kafin ka manna, ka kuma bar gam ɗin ya kwana.

Ka yi ɗan zane a mazaunin da jikin sandar, layi ɗaya da ya ratsa su biyun, domin in ya goce ka gani nan take. Daga ƙarshe ka ɗaura masa siririyar igiyar tsaro, gajera. Katamaran in ya soka hanci a ruwa ya kife ta gaba, mutane biyu ne ke tashi sama su faɗo a daidai wannan wuri, maƙala kuwa ba ta jure gwiwar mutum.

Gwaji

Kuskure iri biyu ne, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. In ka ɗaura shi a ɗan karkace, ka ce da digiri 3, zai ƙara 3 ɗin nan a kowace alƙibla. Wannan ba ya ɓata lissafin karkatar iska ko na layin tashi, tunda lambobinka kake gwadawa da lambobinka. Inda zai cuce ka kawai shi ne wajen neman alama da lambar da alƙalai suka bayar. Kuskuren da ƙarfe ke jawowa shi ne mugu, domin yana canzawa da alƙibla: ƙari a gabas, ragi a yamma, babu komai a arewa.

Ka gwada a fili, nesa da motoci da shingen ƙarfe. Ka sauke jirgin daga keken jansa tukuna, ka janye keken can gefe, don sau da yawa gatarin ƙafafunsa ƙarfe ne kuma a ƙarƙashin gicciyen gaba yake zama. Ka tsaya baya da kamfas na hannu, taku biyar ko shida, ka saita tsakiyar gicciyen baya da jigo, ka gwada lambarka da ta jirgi. A juya jirgin digiri 45 a sake, har a zagayo. In bambancin iri ɗaya ne ko'ina, mazauni za ka murɗa kaɗan. In yana hawa da sauka, koma neman ƙarfe. Mai kamfas biyu ya tabbata sun faɗi lamba ɗaya a kowace tsayawa.

Bambancin arewar maganaɗisu da arewar taswira bai dame ka ba a tseren zagaya alamu, domin alƙalai ma da kamfas suke aunawa. Sai in tseren dogon zango ne kana ɗauko alƙibla daga taswira, nan kam sai ka duba adadin da aka rubuta na wannan yanki ka gyara.

Kafin a tashi

Ka fita ruwa da wuri, da fensir mai maiƙo da farin tef da ka manna a inda za ka iya rubutu. Abu na farko shi ne lambar iska, wato alƙiblar da take fitowa a kan kamfas. Masu jirgi mai ciki ɗaya sukan tsai da hanci cikin iska su karanta, amma katamaran in ya tsaya haka yakan maƙale, ya fara ja da baya, ka ɓata lokaci kafin ka fitar da shi. Hanya mafi sauƙi ita ce ka haura sosai iska na bugo ka ta dama, cikin cikakken gudu, na minti biyu ko uku, abokinka na kiran lamba. Ka rubuta babba da ƙarama da wadda ta fi yawan fitowa. Ka juya, iska ta koma hagu, ka yi haka. A ce dama ta ba ka 190, hagu ta ba ka 290. Tsakiyarsu 240, ita ce iskar, kusurwar juyinka kuma 100. Ka kula in lambobin sun ratsa arewa: tsakiyar 320 da 060 ita ce 010, ba 190 ba.

Ka maimaita in da lokaci. In lambobin suna tafiya suna dawowa, iska mai lilo ce, za ka bi ta juyi bayan juyi. In kuwa kullum gefe ɗaya suke matsawa, to iskar tana ƙaura ne, sai ka nufi ɓangaren da take komawa tun da wuri.

Sai layin tashi. Ka bi shi daga jirgin alƙalai, wanda ke ƙarshen dama in ka fuskanci iska, zuwa tutar ɗaya ƙarshen, ka karanta lamba, ka ƙara 90. Abin da ya fito shi ne iskar da za ta sa layin ya zama adalci ga kowa. Misali ka samu 145, ka ƙara 90, ya zama 235. Iskarka 240 ce, ta fi da 5, wato ta karkata dama, don haka ƙarshen jirgin alƙalai ne ke da riba. Da ta gaza 235, ƙarshen tuta ne. A layi mai tsawon mita 200, digiri 5 na ba da kusan mita 17, kimanin tsawon Formula 18 uku, tunda kowane mita 5.52 ne. Riba ce, amma ba wadda za ka shiga turmutsitsi dominta ba. Katamaran da ya tashi da gudu a iska mai tsabta daga tsakiyar layi yakan wuce wanda ya maƙale a ƙarshe mai riba. In bambancin ya kai 10 ko 15, wannan wata magana ce. Ka sake duba iskar bayan alƙalai sun ba da sanarwar saura minti biyar a tashi, kafin ta minti huɗu, domin takan sauya bayan ka gama lissafi. Ka kuma rubuta lambar alamar farko da jirgin alƙalai ya nuna.

Cikin tsere

Doka ɗaya za ka haddace. In iska na bugo ka ta dama, lamba ta hau, iska ta buɗe maka, wato ta ba ka damar ƙara fuskantar sama. Ta sauka, ta matse ka, wato ta tilasta maka sauke hanci. In ta hagu take bugowa, akasin haka. Kana kan 190 sai ka ga 180 ta zauna: an matse ka da 10, iskar ta koma 230. In ka juya za ka samu 280 maimakon 290, wato digiri 40 kacal tsakaninka da alamar sama da ke 240, inda iskar take da farko, alhali a inda kake 60 ne. Girman abin ya danganta da nisanka da abokin hamayya: karkatar digiri 10 takan ba da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tazarar gefe da ke tsakanin jirage biyu. In kun rabu da mita 400, kimanin mita 100 ke nan ga wanda iska ta koma wajensa.

Sai dai katamaran ba ya son juyi. Ba shi da nauyin da zai tura shi ya ratsa iska, ga kwale-kwale biyu dogaye da ke turjewa, don haka kowane juyi yana cin tsawon jirgi da yawa, a lokacin da sauran ke ta gudu. Saboda haka kada lamba ta riƙa wasa da kai. Matsi na digiri 3 ko 5 ka bar shi ya wuce. Ka jira wanda ya kai 8 ko 10, ya kuma daɗe kamar daƙiƙa ashirin ko talatin, ka ɗaga kai ka dubi jiragen da ke gaba ko su ma hancinsu ya faɗi, sannan ka yanke. In akwai iska mai ƙarfi a gabanka, duhunta na bayyana a kan ruwa, sau da yawa shiga cikinta ya fi bin lamba riba.

Akwai kuma matsin ƙarya. Idan iska ta lafa farat ɗaya, jirgin yana nan da gudunsa na ɗan lokaci, sai iskar da kake ji ta dawo ta gaba, filafili ya fara kaɗawa, ka sauke hanci, lamba ta nuna an matse ka alhali alƙiblar iska ba ta canza ba. In ta taso kuma sai ka ga kamar ta buɗe. Abokin tuƙi ya riƙa haɗa lamba da ƙarfin iska in yana kira: "Ƙasa biyar, iska ta lafa," ko "Ƙasa goma, ƙarfi na nan." Na biyun ne abin juyawa. Matuƙi shi ma ya riƙe salon tuƙi ɗaya, domin in yanzu ya matse sama anjima ya saki don gudu, hannunsa kamfas ke aunawa, ba iska ba.

Wajen gangarowa, katamaran ba ya bin bayan iska kai tsaye, zikzak yake yi nan ma. Ka cire 180 daga lambar iska ka samu inda alamar ƙasa take: 240 ta ba da 060. A ce iskar dama na ba ka 100, ta hagu 020, kowace digiri 40 daga 060. Duk gefen da lambarsa ta fi kusa da 060, shi ne na bi. Kana kan 100 ta koma 090, zauna. Ta koma 112 ta tsaya, juya. Amma a nan lamba ta fi yawo, domin duk bugun iska sai matuƙi ya sauke hanci sosai don kada kwale-kwale ya tashi fiye da kima, in ta lafa ya hauro. Matsakaiciyar lamba za ku riƙe, ba ta kowane bugu ba.

In kun iso alama kuka ga jirgin alƙalai ya ɗaga tutar C yana ta busa, an matsar da alama ta gaba. Za su nuna sabuwar lamba, ko koren alwatika in an kai ta dama, ko jan murabba'i mai tsawo in hagu. Abokin tuƙi ya karanta da ƙarfi ya rubuta, ya goge tsoffin lambobin dama da hagu, domin iskar da aka auna su da ita ta riga ta tafi.

Bayan an fito, a cire na'urar a ɗauraye ta da ruwan daɗi, a goge da tsumma mai laushi don kada gishiri ya karce fuskarta. Na maganaɗisu a rufe shi daga rana, zafi na dusashe ƙoƙon. In kumfa ta bayyana a ciki tana girma, yoyo yake yi, sai gyara ko sauyi. Mai cajin rana kuma a bar shi ya sha haske kwana ɗaya ko biyu kafin gasa, musamman in ya daɗe a cikin jaka.